Farisancin Malam Mas'udu

A farkon shekarar 1955 takarda ta zo wa Lukuman daga Kaduna cewa yana cikin malaman makarantar da za a tura Ingila ƙarin ilimi. Shekararsa ashirin da bakwai a lokacin. Mutumin Bungudu ne, amma a Gusau yake koyar da lissafi da tarihi a wata makarantar firamare. Aikin koyarwa ne babban abin da zai karanta, sai dai jami'ar da za a kai shi ta ce kowane ɗalibi ya zaɓi wani ƙaramin fanni ya haɗa da shi. Cikin jerin da aka turo akwai nazarin ƙasashen Larabawa da Farisa, wato harsunansu da tarihinsu da al'adunsu. Lukuman bai yi dogon tunani ba ya zaɓi wannan, don ya yi Larabci a zauren mahaifinsa tun yana ƙarami. Farisa kuwa sunan kawai ya sani.

Yana da aboki, Bulus, akawu a gidan waya, ɗan kudancin Zariya. Sukan yi dara da la'asar a gindin wani maɗaci kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan ya ba shi labari.

"Farisa ka ce?" in ji Bulus. "Ai akwai wani dattijo da ke zuwa mana daga Tsafe duk farkon wata. Wasiƙa ɗaya yake kawowa, adireshin da rubutu irin na ajami, ni nake rubuta masa Abadan, can Farisa, da boko a ƙasa. Shekara uku ke nan. Kullum sai ya tambaya ko an aiko masa, ban taɓa miƙa masa ko ɗaya ba. Malam Mas'udu sunansa. Ka je ka gan shi."

Ranar Asabar Lukuman ya hau jirgi ya sauka Tsafe. Gidan yana can gindin dutse, ɗaki biyu da rumbu. Wata dattijuwa ya tarar tana kaɗin auduga a tsakar gida, ita ce Yelwa, ƙanwar Malam Mas'udu, wadda mijinta ya rasu ba ta da ɗa a raye. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta kira wan nata.

Dogon mutum ne siriri, gemunsa fari, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Hausarsa tana da nauyi, yakan tsaya tsakiyar magana yana laluben kalma. Da ya ji abin da ya kawo baƙon sai ya dube shi ya faɗi wata doguwar magana da wani harshe mai taushi, ya yi dariya shi kaɗai.

"Shekara huɗu ban faɗa ma kowa wannan ba sai awaki," in ji shi. "Cewa na yi ka sa ƙafarka bisa idona. Haka suke yi ma baƙo maraba."

A ranar ya ba shi tarihinsa. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Makka a ƙasa. Bayan aikin hajji ya tsaya Jidda yana dako a bakin teku, daga nan wani jirgin ruwa ya kai shi Basra, daga Basra ya ƙetare zuwa Abadan a kudancin Farisa, inda ake ɗaukar leburori a matatar mai. Shekara ashirin da biyu ya yi a can. Ya auri 'yar wani masunci, ta haifa masa 'ya mace, Nasrin, ta rasu yarinyar tana shekara tara. Shi ya rene ta har ya aurar da ita ga wani makaniki. Da rikici ya tashi a kan man, aiki ya tsaya, aka kwashe baƙi masu takardun Ingila aka zuba a jirgi. Kwana biyu aka ba su. Nasrin tana da tsohon ciki a lokacin, ta rako shi bakin ruwa, bai ƙara jin ɗuriyarta ba.

Daga wannan Asabar Lukuman bai fasa zuwa ba har wata bakwai. Malam Mas'udu ba shi da littafi ko ɗaya. Da kunne ya koyi harshen, rubutun kuma wani liman ya nuna masa daga baya. Ya koya wa Lukuman haruffa huɗu da Farisawa suka ƙara a kan na Larabci, sannan suka shiga kalmomi: ruwa, gurasa, igiya, jirgi, zafi, gajiya. Ya koya masa yadda ake gaida mai aiki, da yadda ake ƙin abinci sau biyu kafin a karɓa a na uku, da yadda ake sa sukari tsakanin haƙora a kurɓi shayi ta kansa. Da bazara ta matso ya jiƙa alkama a faranti har ta tsiro, ya ce haka ake yi a can idan shekara ta juya. Yelwa ta yi ta mita.

"Mutane na cewa tsafi yake yi," ta faɗa wa Lukuman. "Ni dai na ce masu alkama ce, kaji ma sun ci ba su mutu ba."

A zuwansa na ƙarshe kafin tafiya, Malam Mas'udu ya rako shi har tasha, abin da bai taɓa yi ba. A kan dandamali ya ciro wata takarda naɗaɗɗiya daga aljihu. Sunan Nasrin ne a jiki, da na mijinta, da unguwarsu, da sunan mai gidan burodin da ke kusa da su.

"Can Ingila za ka gamu da mutanen Farisa," ya ce. "'Ya'yan manya duk can suke karatu. Ka tambaya min. Ko mutuwa ta yi, in sani."

"In sha Allahu, Baba, makon farko zan yi."

Bai yi ba. A makon farko aka shiga ajin Farisanci, su bakwai, da wani Bature malami da ɗalibai biyu 'yan Tehran, babban birnin Farisa, da ake kawowa don a ji harshen daga bakin masu shi. Malamin ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa koyon wani abu. Lukuman ya miƙe ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ƙara da cewa tafiya ta gajiyar da shi. 'Yan Tehran ɗin suka dubi juna, ɗaya ya toshe baki, ɗayan ya kasa riƙe dariya. Bayan an tashi wanda ya yi dariyar ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce masa cikin Turanci, ba da mugunta ba, maganar tasa ta 'yan dakon bakin teku ce, kalmar da ya faɗa ta gajiya kuma ba a faɗinta gaban mata. Ya tambaye shi a ina ya samo ta. Lukuman ya ce a wajen wani matafiyi ne ya tsinta.

Abin ya zauna masa a rai fiye da yadda ya kamata. Kwana biyu ana kwaikwayon muryarsa a ɗakin cin abinci, daga baya aka manta, shi bai manta ba. Ya duƙufa kan Farisancin littafi, yana kankare na Tsafe daga bakinsa kalma bayan kalma. Ya karanta tarihin Bagadaza da Isfahan, ya rubuta maƙala a kan hanyoyin fatake wadda malamin ya yaba a gaban aji. Takardar Malam Mas'udu tana ƙasan akwati. Duk lokacin da ya yi niyyar fito da ita sai ya tuna cewa dole ya faɗi waye mutumin, lebura mai yatsu takwas, kuma shi ne malaminsa. Sai ya ce bari sai wani mako. Sau biyu ya rubuto wa dattijon ta hannun Bulus, ya ce ana kan nema.

A shekara ta uku aka kawo wani sabon ɗalibi mai suna Jawad, mutum mai shiru, ɗan kudancin Farisa. Wata rana suna jiran mota a cikin ruwan sama, wata tsohuwar kalma ta kuɓuce wa Lukuman. Jawad ya juyo da sauri.

"Wa ya koya maka wannan? Rabona da jin ta tun bakin kakata."

A ranar Lukuman ya kwance akwati ya kai masa takardar. Jawad ya rubuta wa kawunsa, kawun ya je wajen mai gidan burodi, mai gidan burodi ya san inda makanikin ya koma. Mako bakwai kacal amsa ta zo, da wasiƙar Nasrin a ciki. Saura wata biyu Lukuman ya gama, sai ya ga gara ya kai ta da hannunsa.

Ya dawo a watan Agustan 1958. Jirgin da ya ɗauko shi daga Zariya ya tsaya Tsafe minti goma, ya leƙa ta taga ya ga dutsen, bai sauka ba, don ana jiransa a Bungudu. Kwana shida ana ta zuwa yi masa barka. A na bakwai ya shigo Gusau ya biya gidan waya.

Bulus ya rungume shi, suka gaisa, sannan ya ce, "Dattijon nan naka ya fi shekara bai zo ba. Tun bazarar bara. Na tambayi wani ɗan Tsafe ya ce min ɓarin jikinsa ya shanye."

Washegari Lukuman ya isa gidan. Yelwa ta rame, idanunta sun faɗa. Ta daɗe tana kallon kwat ɗinsa kafin ta gane shi. Ba ta shimfiɗa tabarma a zaure ba, ta tsaya da shi a bakin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Gona ya faɗi. Tun ranar da anka ɗauko shi Hausa ta fita bakinai, ko kalma guda. Sai wancan yare. Malamai sun zo, wasu sunka ce iska ce ke magana, an yi rubutu an yi hayaƙi. Ni na san ba iska ba ce, abin da kuke yi ne a zaure. Na gane in ya ce ab ruwa yake so. Sauran sai dai in yi ta kawo mai abubuwa har in dace." Ta goge fuska da bakin zane. "Akwai wata magana da yake yi min kullum in na shiga. Wata goma sha shida. Ka ji min ita, Malam."

Ɗakin yana warin magani da danshi. Malam Mas'udu yana kwance a kan gadon kara, bakinsa ya karkace, hannun dama a kan ƙirji ba ya motsi. Lukuman ya durƙusa ya gaishe shi da Farisancin da ya ci jarrabawa da shi. Dattijon ya zuba masa ido kawai. Ya sake, babu amsa. Sai ya laluba can baya ya yi masa gaisuwar da shi ya koya masa, irin wadda ake yi wa mai aiki a bakin ruwa. Rabin fuskar da ke da rai ya motsa.

"Kai ne?" in ji dattijon da Farisanci. "Jirgin ya shigo?"

"Ni ne Lukuman, Baba. Ɗalibinka."

Bai nuna ya gane sunan ba, amma ya kama hannun rigarsa ya riƙe gam. Yelwa ta shigo da ƙwaryar kunu. Dattijon ya dube ta, ya ja Lukuman kusa, ya faɗi maganar. Cewa yake yi: wace ce wannan matar? Tana da kirki, amma ban san ta ba. Ka ce mata ta bar ni in tafi gida, 'yata tana jirana.

"Ita ce maganar," in ji Yelwa. "Mi ya ce?"

"Ya ce kina da kirki, Inna."

"Duk tsawon wagga magana?"

"Ya ce kuma yana son ya tafi gida."

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ta dubi bangon ɗakin, wanda a cikinsa aka haife su su biyu.

"Bai san ni ba, ko?"

Lukuman ya sunkuyar da kai.

"Na sani," ta ce. "Tun bara na sani. So nake dai in ji daga bakin wani." Ta ɗaga kan wan nata ta fara ba shi kunu da ludayi, yana sha yana zubowa ta gefe, tana sharewa.

Da ya gama sha Lukuman ya fito da wasiƙar ya karanta a hankali. Nasrin ta ce wata huɗu bayan tafiyarsa suka bar Abadan suka koma Ahwaz, don aiki ya mutu, wasiƙarsa ko ɗaya ba ta iske ta ba. Wani ya ce mata jirginsu ya nutse, ta yi masa zaman makoki. 'Ya'yanta uku yanzu, maza biyu da mace. Mijinta yana gyaran manyan motoci, suna cikin rufin asiri. Ta roƙe shi ya aiko mata da hoto, ko da ƙarami ne, don yaran ba su yarda kakansu baƙin mutum ne daga wata ƙasa ba.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wasiƙar wa ce?"

Lukuman ya faɗa masa, ya sake karantawa. Sai da ya karanta sau huɗu. A na huɗun, da ya zo wajen Ahwaz, hannun da ke riƙe da rigarsa ya ƙara matsewa.

"Nasrin ba ta iya rubutu ba. Wa ya rubuta mata?"

"Maƙwabcinsu, Baba. Ga sunansa a ƙasa."

"To tana nan."

"Tana nan da ranta."

Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Lukuman ya yi sauri ya ciro alƙalami ya ce ya faɗi abin da za a rubuta mata. Dattijon ya ce a gaya mata kada ta je bakin kogi ita kaɗai, ruwa ya cika, kuma ta rufe tukunya saboda kyanwa. Daga nan ya koma tambayar jirgi. Lukuman ya rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ya ƙara bayani da kansa a ƙasa.

An ba shi shugabancin wata makaranta a Bungudu, amma duk Asabar sai ya zo Tsafe. Yakan karanta wasiƙar, wani lokaci dattijon ya gane, sau da yawa bai gane ba. Lukuman ya gano cewa ƙafar hagu tana yi wa dattijon ciwo tun da daɗewa, yana faɗa ba mai ji, aka duba aka tarar da gyambo a diddige. Ya rubuta wa Yelwa kalmomi goma sha biyu da ajami, amma ba ta iya karatu ba, sai ya yi ta maimaita mata har ta riƙe takwas. Ya yi magana da wani mai hoto a Gusau, suka sa ranar da za su zo tare bayan an yanke gero.

Ranar wata Laraba da hantsi Malam Mas'udu ya rasu. Lukuman yana aji a Bungudu, labari bai same shi ba sai Juma'a. Da ya zo ta'aziyya Yelwa ta jira mutane suka ragu, ta kira shi tsakar gida inda take sussukar gero.

"Ya yi magana kafin ya cika," ta ce. "Sau uku ya faɗe ta. Na riƙe maka."

Ta faɗi abin da ta riƙe. Lukuman ya ce ta sake. Ta sake, ta kuma sakewa. Sautin ya lalace a bakinta, kalmomin sun manne da juna, ya juya su ta Farisancin littafi da na bakin teku, bai fitar da komai ba. Wataƙila akwai sunan Allah a ciki, wataƙila kuma kalmar ƙofa ce. Ya ga tana jira, ya yi tunanin ya ƙirƙira mata wani abu mai daɗi, sai ya kasa.

"Ban gane ba, Inna."

Ta gyaɗa kai ta ɗauki taɓarya. Shi kuwa ya tsaya, abin da ke cinsa tun a jirgin ruwan da ya dawo da shi ya taso masa. Ya gaya mata duka: dariyar da aka yi masa, takardar da ta kwana shekara biyu da rabi a ƙasan akwati, ƙaryar da ya rubuto cewa ana nema. Ya ce mako bakwai kawai abin ya ɗauka. Da ya tambaya tun farko, da wasiƙar ta iske Malam da hankalinsa da ƙafafunsa, da sun yi fiye da shekara suna rubuta wa juna shi da 'yarsa.

Yelwa ta saurare shi ba ta ajiye taɓaryar ba.

"Duk farkon wata sai ya wanke rigarsa ya tafi Gusau," ta ce. "Ya dawo ya ce Lukuman na nema." Ta ƙara zuba gero a turmi. "Mi za ni yi da wagga magana, Malam? Ba tawa ba ce. Ka faɗa ma ɗiyar."

Ta ci gaba da sussuka. Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya yi mata sallama ya fita.

A cikin makon ya rubuta wa Nasrin. Ya gaya mata ranar da mahaifinta ya rasu da inda aka binne shi, ya ce marigayin ya ji wasiƙarta kafin ya cika kuma ya san tana raye, ya ba ta haƙuri kan hoton da ba a samu ɗauka ba. Sauran maganar ya rubuta ta sau biyu yana yagewa, a ƙarshe ya aika ba ita. Amsa ta zo a watan Janairu, shafi biyu da hannun maƙwabcin nan. Ta kira shi ɗan'uwanta, ta ce ba don shi ba da har ta mutu ba ta san ƙarshen mahaifinta ba, ta ce ita da 'ya'yanta suna sa shi a addu'a bayan kowace salla. Lukuman ya karanta a ofishinsa lokacin da yara suka fita hutun ƙarfe tara, ya ninke ta, ya zauna har aka kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin ya tashi ya koma aji.